Yadda muka haɗa kan masu katun da siddabarun fim da gem a garuruwanmu

Mai buɗe zance, Kaduna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara uku ke nan ina koyon Blender, manhajar kyauta ta haɗa katun a kwamfuta, ni kaɗai a ɗaki, YouTube ne malamina. Kwanan baya na gano akwai wani a bayan layinmu da ke irin wannan aiki. Masallaci ɗaya muke sallah, amma ban san da shi ba, bai san da ni ba. Abin ya tsaya min a rai. Ina so mu haɗa kanmu a nan Kaduna. Duk wanda ya taɓa gwadawa a garinsu, don Allah ya faɗa mana yadda ta kaya, da daɗin da rashinsa.

Mai tace fim, Kano

Wa alaikumus salam Malam. Mu da zauren WhatsApp muka fara, kuma nan muka yi kuskure. Kafin wata guda mun cika zaure, amma babu abin da ake yi sai gaisuwar Juma'a da tallar kwas. Ka saka aikinka, sai dai a ce "Masha Allah," ba wanda zai ce maka tafiyar mutumin nan tana santsi, ƙafarsa ba ta kama ƙasa.

Abin da ya haɗa mu da gaske matsalar renda ce, wato lokacin da kwamfuta ke fitar da hotunan katun na ƙarshe ɗaya bayan ɗaya. Wani ƙaninmu ya yi katun na minti ɗaya. Ka lissafa: firam, wato hoto ɗaiɗai, 24 a daƙiƙa, minti ɗaya firam 1,440 ke nan. Kwamfutarsa tana cin minti biyu a kowane firam, wato awa 48 ba ɗauke wuta. Ga shi tun cire tallafin mai a Mayun 2023 ba mai iya barin janareta yana ruri kwana biyu. Sai mu shida muka ɗebi kwamfutocinmu muka tafi shagon wani ɗan uwa mai sola, muka raba aikin, kowa firam 240. Tun hantsi muke zaune a kan tabarma, fankokin kwamfutoci suna ta huci, wani ya jingina tasa a kan bulo biyu don iska ta ratsa ƙasanta. Muna jira ne hira ta ɓarke. A nan na koyi cewa a fitar da aiki hoto-hoto ya fi a fitar da shi bidiyo kai tsaye, domin in wuta ta yanke, daga inda aka tsaya za a ɗora. Bayan magariba muka haɗa firam ɗin a filas. Tun ranar ba mu fasa zaman Asabar ba.

'Yar katun, Zariya

Yayana na Kaduna, ka kula da lokaci da wuri, in kana son mata su zo. Taron farko da aka kira ni bayan isha'i aka sa, ko tambaya ban yi a gida ba. Da aka mayar da shi ƙarfe goma na safe a ajin wata Islamiyya da aka ara mana, mu huɗu muka je.

Kuma kada a raina mai waya. Da FlipaClip, manhajar zana katun a waya, na fara, da yatsa, kafin na taɓa allon zane. Wata Anti a zaman ce ta nuna min cewa zane 12 ya isa daƙiƙa ɗaya idan kowanne ya tsaya firam biyu. Rabin wahalata ta tafi a ranar.

Akwai kuma maganar hukuncin zana mai rai. Mahaifina ya tambaye ni, kuma tambaya ce ta gaskiya. Ba mu bar ta a bakin masu musu a zaure ba, mun ce kowa ya je wurin malamin da ya yarda da shi. Wasu cikinmu gine-gine da tambari da rubutu mai motsi kaɗai suke yi, kuma ba a taɓa nuna musu bambanci ba.

Mai haɗa gem, Jos

Ku sa wa kanku wa'adi. Mun kwaikwayi tsarin Global Game Jam, wanda ake yi duk watan Janairu tun 2009: a ba da jigo, a haɗa gem cikin awa 48. Mun yi namu da Godot, manhajar haɗa gem, saboda kyauta ne kuma ba ya wahalar da ƙaramar kwamfuta. Wasan dara muka mayar na waya. Bai yi kyau sosai ba, amma ya ƙare, kuma a karon farko mai zane da mai rubuta umarnin kwamfuta da mai sauti suka gane kowa na buƙatar wani. Wanda ya ce sai da manhaja mai tsada, ku tuna masa da Blender aka yi Flow, fim ɗin Latbiya da ya ci kyautar Oska a 2025.

Ɗan uwanku daga Damagaram

Mu a nan da Faransanci muka koya, ku da Turanci. Da muka fara zama da 'yan Kano ta waya, Hausa ce ta raba gardama. Muna cewa "ƙashi" ga abin da ake sa wa mutum-mutumi don ya motsa, "koren yadi" ga bangon da ake cirewa. Ku buɗe takarda tun yau kuna tara irin waɗannan kalmomi.

Mai siddabarun fim, Kano

Ni abin da ya ƙona min rai ne ya kai ni zaman. Wani mai shirya fim ya ba ni aikin haɗa gobara da fashewar mota da kwamfuta, na yi mako uku, na miƙa masa duka, ya daina ɗaga wayata. Da na faɗa a zaman, mutum biyu suka ce su ma haka ya yi musu. Yanzu mun tsayar da magana: rabin kuɗi kafin a fara, samfuri da tambari a kai, kuma ba mai karya farashin ɗan uwansa a ɓoye. Sabon shiga ma muna gaya masa abin da ya kamata ya caja, don kada a ci guminsa.

Mai buɗe zance, Kaduna

Allah Ya saka da alheri. Na yi magana da maƙwabcin nan nawa, yana da sola a shagonsa. Asabar mai zuwa ƙarfe goma na safe za mu fara, ko mu uku ne. Kowa ya zo da aikin da bai gama ba da abin jona caji. Malam mai tace fim na Kano, ta yaya kuke hana firam ɗin cakuɗewa idan kun zo haɗawa a filas?