Gwajin jini da dokar ta-ɓaci a Deep Space Nine: a ina tsarin ya ɓalle?

Ɗan Tauraro ya rubuta:

Salamu alaikum jama'a. Tambayata kan kashi biyun nan ne na zango na 4 a shirin Star Trek: Deep Space Nine, wato Homefront da Paradise Lost, waɗanda aka haska a Janairun 1996. Abu biyu ne suka shige mini duhu. Na farko, gwajin jinin da ake yi don gano masu rikiɗa, wato halittun da ke iya ɗaukar siffar kowa ko komai, yana aiki ko ba ya aiki? Na biyu, idan Admiral Leyton, babban hafsan da ya yi yunƙurin juyin mulki, ne ya kitsa komai, to bam ɗin Antwerp ma shi ne? Wanda bai kalla ba ya tsallake, don za a fasa ƙwai.

Malam Na'ura ya amsa:

Wa alaikumus salam. Bam ɗin Antwerp ba aikin Leyton ba ne. Ya tashi ne a taron Tarayya (ƙawancen duniyoyin da Duniya ke ciki) da Romulawa (wata daular daban), ya kashe mutum 27, kuma hoton wurin ya nuna hannun mai rikiɗa. Barazanar gaskiya ce. Leyton dai ya samu wuta tana ci ne, ya kawo fetur.

Shi gwajin, tushensa abu ɗaya ne: duk abin da ya rabu da jikin mai rikiɗa yana komawa ruwa mai kauri, kamar narkakken ƙaro. Sai a ɗebi jini kaɗan a kwalba a zuba masa ido. Ya tsaya jini, an wuce. Ya narke, an kama. Na biyunsa shi ne share ɗaki da hasken bindigar phaser a ƙaramin ƙarfi, don kujera ko jakar da ba ta gaskiya ba ta tona kanta. Ga yadda aka shawo kan shugaban Tarayya Jaresh-Inyo ya yarda da matakan: Kyaftin Ben Sisko, kwamandan tashar Deep Space Nine, ya shiga ofishinsa da jaka a hannu, ashe jakar Odo ce, mai rikiɗan da ke aikin tsaro a tashar, kuma babu mai gadin da ya tare ta.

Inda ya lalace wuri biyu ne. Tsoho Joseph Sisko, mahaifin Ben, mai gidan abinci a New Orleans, shi ya faɗi na farko ranar da ya ƙi miƙa hannu: mai rikiɗa mai wayo zai kama wani bawan Allah, ya tsotse jininsa ya ajiye a jikinsa, ya riƙa fitarwa duk lokacin da aka zo da allura. Ba zancen tsufa ba ne. Janar Martok ya yanki tafin hannunsa a gaban Sisko a farkon wannan zangon, jini ya zuba, sai a zango na 5 aka gano ba Martok ɗin ba ne tun a lokacin. Na biyu ya fi muni: gwajin ya dogara ne kacokan kan mai riƙe da kwalbar. A ƙarshen zango na 3 mai rikiɗa da siffar Likita Bashir ya yi gwajin ya laƙa wa jami'in tsaro Eddington. A Paradise Lost kuma mutanen Leyton suka yi wa Sisko irin haka a gaban shugaban ƙasa, aka garƙame shi a matsayin mai rikiɗa.

Hajiya Mai Kallo ta amsa:

Malam Na'ura ya gama da gwajin. Ni abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne jerin matakan juyin mulkin, don an tsara su kamar wanda ya karanci tarihin sojoji.

Leyton ya fara da ƙofar nan ta sararin samaniya da ke kusa da tashar. Wani Laftanar Arriaga ya maƙala na'ura a kan abin isar da saƙo da ke ɗaya ɓangaren, ƙofar ta riƙa buɗewa da rufewa ba wanda ya ratsa. Kowa ya ɗauka jiragen Dominion, daular masu rikiɗa, ne da ba a gani suke shigowa. Sannan ya ɗauko Sisko, tsohon mataimakinsa a jirgin Okinawa, ya ba shi riƙon tsaron Duniya. Wannan dabara ce babba, domin Sisko ya yarda da haɗarin tsakani da Allah, kuma bakinsa ne shugaban zai saurara. Daga nan aka ɗauke wutar lantarkin Duniya baki ɗaya. A cikin duhun ne Jaresh-Inyo, wanda a baya ya yi ta turjewa, ya sa hannu a dokar ta-ɓaci, sojoji da bindigogi suka sauka a tituna. A gefe guda kuma Leyton yana ta sauya wa hafsoshi wurin aiki, yana dasa waɗanda suka taɓa aiki a ƙarƙashinsa. Erika Benteen ta samu jirgin Lakota ta haka.

Abin da ya tona shi ƙaramin abu ne: rajistar na'urar jigila. Ta nuna an mayar da rukunin ɗaliban nan na Red Squad makaranta jim kaɗan bayan ayyana dokar, alhali ana fitar da kowa ne zuwa tituna. Sisko ya kira ɗaya daga cikinsu ya yi kamar yana cikin shirin, yaron kuwa da alfahari ya zayyana yadda suka shiga ofishin da ke Lisbon suka gurgunta wutar. Ka ba yara masu son a yaba musu aikin sirri, ka ga abin da zai biyo baya.

Kuskurensa na biyu shi ne zaton biyayya ba ta da iyaka. Ya ce wa Lakota duk mutanen Defiant, jirgin mutanen Sisko da ke tahowa Duniya, masu rikiɗa ne. Benteen ta yi faɗan, amma da ya ce ta tarwatsa jirgin gaba ɗaya, ta ƙi. Nan ya cire alamar muƙaminsa ya ajiye a tebur.

Baban Zara ya amsa:

Hajiya, ki ƙara da zaman nan na kan benci. Mai rikiɗa ya zo wa Sisko da siffar O'Brien, injiniyan tashar, ya ce su huɗu ne kacal a duk Duniya. Ko gaskiya ya faɗa ko ƙarya, shirin bai warware ba, kuma hakan ya fi. Amma a wurina ba nan ne ƙololuwa ba. Wurin da tsoho Joseph ya yanke yatsa yana yanka kayan miya, Ben ya tsaya yana kallon jinin da ke kan wuƙar, uban ya gane ɗansa yana tantamar ko shi ne. Wannan ya fi duk harbe-harben Lakota nauyi.

Inda nake da ƙorafi: dokar ta-ɓacin ba ta fito a ido ba. Ana cewa an mamaye Duniya, amma sojoji ƙalilan kake gani a titi guda. Kuɗi ne ya gaza. Tun asali an so labarin ya rufe zango na 3 ya buɗe na 4, sai aka turo shi tsakiyar zango. Ba a kuma nuna majalisar Tarayya ko 'yan jarida ba, sai ka ce shugaba ɗaya da admiral ɗaya ne duk gwamnatin.

Ɗan Tauraro ya rubuta:

Na gode ƙwarai. Malam Na'ura, wanda Odo ya damƙe a hedikwata da siffar Leyton, ya zama tsuntsu ya tashi, shi ma cikin shirin yake?

Malam Na'ura ya amsa:

A'a, wannan na gaske ne. Ba gwajin jini ne ya kama shi ba ma, Odo ne ya ji ƙiyayyar da ke cikin maganarsa ya riƙe masa hannu.