Kan sarkin Kirsimeti na 1966 ya jawo ka-ce-na-ce

Sani: Jama'a, abin nan ya tsaya min a rai. Ina gyara takardun marigayi Baba sai na ci karo da wata ambulan daga Amurka. Gara ta cinye gefenta, amma kan sarkin yana nan garau: senti 5, Kirsimetin 1966, Nana Maryam da jariri a cinyarta. Zanen wani ɗan Beljiyam ne, Hans Memling. Ƙasar da take cika baki wai ta raba addini da gwamnati! Wannan ba baki biyu ba ne?

Hajiya Binta: Wane ɗan Beljiyam kuma? A Seligenstadt ta ƙasar Jamus aka haife shi. Beljiyam ɗin ma sai 1830 ta zama ƙasa.

Malam Garba: Hajiya, a yi dai adalci. A birnin Bruges na yankin Flandas, cikin Beljiyam ta yau, ya zauna, aka ba shi 'yancin ɗan gari a 1465, can ya rasu a 1494. Hannunsa ma na masu zanen Flandas ne, shi ya sa ake lissafa shi cikinsu.

Hajiya Binta: Malam, zama daban, asali daban. Inda aka binne cibiyar mutum nan ne garinsu.

Yakubu: To ai ƙanwata a garin da aka binne cibiyarta aka hana ta takardar 'yar asalin jiha, wai kakanmu baƙo ne. Har yau abin yana ci min rai.

Hajiya Binta: Yakubu, kada ka ɗora min laifin da ba nawa ba.

Luka: Sani, ai Amurkawan ma ba su yi shiru ba. Da aka sake buga zanen a 1967 wata ƙungiya ta kai ƙara kotu. Kuma gidan wayan Amurkan nan dai shi ya fitar da kan sarkin Sallah a 2001, da rubutun Larabci.

Yakubu: Hajiya, ina jiran amsa. Shekara nawa mutum zai yi kafin ya daina zama baƙo?

Sani: Ni fa ba wannan na tambaya ba.

Malam Garba: Bari in tattara mana. An dai tabbatar mutumin nan ya yi kusan shekara talatin a Bruges, can ya yi suna, can kabarinsa yake, don haka ɗan Flandas ne. Hajiya ba ta kawo komai ba sai wurin haihuwa, kuma ta kasa amsa wa Yakubu.

Hajiya Binta: Ban kasa ba, Malam, salla na tashi yi.