Ƙasa mai farar ƙasa a ɗakin gwaji: me kuka gani?

Mai tambaya, Sakkwato: Assalamu alaikum. An kawo mana samfur daga gonakin wajen Kalambaina, na auna fosfarus da hanyar Bray-1 kamar kullum, ya fito kusan babu. Mai gonar kuwa ya ce shekara uku yana zuba takin supa mai fosfarus. pH, wato ma'aunin tsamin ƙasa, ya haura 8. Wa ya taɓa cin karo da irin wannan?

Ma'aikaciyar gwaji, Tawa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ba laifin gonar ba ne. Ruwan Bray asid ne, kuma mara ƙarfi. Da ya taɓa farar ƙasa, wato kalsiyam kabonet, sai ta kashe shi, fosfarus ɗin da ya ɗan narke ma ya sake maƙalewa da kalsiyam. Mu da ƙasar Adar ke zuwa mana kullum, da hanyar Olsen muke auna fosfarus: sodiyam baikabonet 0.5 M, pH 8.5, giram 1 na ƙasa ga mililita 20, a girgiza minti 30. Tun 1954 aka fito da ita domin irin wannan ƙasa. Kafin komai dai, ka ɗiga asid HCl a kan busasshen samfur. In ya yi kumfa yana tsiyi-tsiyi, ajiye Bray.

Ɗalibi, Zariya: Hajiya ta faɗi gaskiya, sai dai Olsen ma tana da nata hali. Ranar farko na zuba asid da sauri cikin ruwan da na tace, kumfa ta taso ta malale a kan benci, samfur huɗu suka tafi. Sai a hankali, ana kaɗawa har iskar ta fice. Gawayin da muke sawa don cire launin ruwan kuma ashe yana ɗauke da nasa fosfarus, sai da muka wanke shi. A kula da zafin ɗaki kuma, yana ɗaga sakamako.

Tsohon malami, Maiduguri: Ni kalsiyam ne ya wahalar da ni a ƙasar firki, wato baƙar ƙasar laka. Amoniyam asitet a pH 7, ruwan da nake auna kalsiyam da shi, yana narkar da ƙwayoyin farar ƙasar, sai kalsiyam ya fito fiye da abin da ƙasar za ta iya riƙewa. Na daɗe ina zargin na'ura kafin na gane. Yanzu in CEC nake nema, wato yawan sinadarai irin su kalsiyam da ƙasa ke iya riƙewa, sodiyam asitet nake amfani da shi a pH 8.2. Ɗana, ka tambayi manomin ko sabbin ganyen amfaninsa suna yin rawaya jijiyoyin suna kore. In haka ne, ka auna ƙarfe da zink da ruwan sinadarin DTPA, pH 7.3, girgiza awa 2.

Mai tambaya: Na gode Baba, na gode Hajiya. Na ɗiga asid da safe, kumfa ta tashi nan take. Na sake da Olsen, fosfarus ya fito matsakaici. Abin da ya tsaya min a rai, saura kaɗan na rubuta wa bawan Allah nan ya ƙara sayen supa. Gobe zan je gonar na duba ganyen da idona.