Ciyarwar azumi a masallacinmu: hatsin gida ko shinkafar waje?

Ɗan Adar:
Assalamu alaikum. Ni aka danƙa wa kuɗin buɗa-baki na masallacin unguwarmu a nan Tawa, jikka 300 (wato sefa dubu 300) da jama'a suka tara, kuma dole in yi sayayya cikin makon nan. Mun saba sayen shinkafar waje da taliya, amma bana liman ya ce a koma ga abin da Allah ya fitar a ƙasarmu a lokacinsa, wato hatsi, wake, zogale da kayan lambun rani. Hujjarsa ita ce aya ta 141 ta Suratul An'am, wadda ta yi umurni a ci daga amfani idan ya yi 'ya'ya, a kuma ba da hakkinsa ranar girbi. Ina tambayar waɗanda suka taɓa ciyar da mutum 60 kullum da irin wannan abinci: kuɗin zai kai ƙarshen wata, kuma wa ke ɗaukar aikin surfe da niƙa?

Mai Lambu:
Limaminku ya yi gaskiya. Azumin shekarun nan yana faɗowa lokacin da albasar Galmi da tumatir da kabeji ke cika kasuwa har manomi ya rasa mai saye, saboda haka wanda ya saye su ya ciyar da mai azumi, ya kuma rufa wa manomi asiri.

Malam Na Zaure:
Magana tana da tushe. A cikin Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, an ce zakkar fidda kai ana fitar da ita daga abincin da ya fi rinjaye a gari, kuma an ambaci gero da dawa da sunansu. Ya kuma tabbata cewa idan aka kawo wa Manzon Allah (SAW) 'ya'yan itacen farko, yakan yi addu'ar albarka, sannan ya miƙa wa mafi ƙanƙantar yaron da ke wurin.

Uwar Marayu:
Allah ya gafarta Malam, ni na yi wannan aikin da hannuna, kuma har yau raina bai huce ba. Da kaka na ba wani dillali a ƙauye kuɗin buhu biyar don sadakar azumi. Da muka kwance buhunan, sama hatsi ne mai kyau, ƙasa kuwa tsohon hatsi ne da ƙwari suka cinye, an haɗa da tsakuwa. Ni da 'ya'yana mata muka zauna muna sheƙa da rairaya da ƙishirwar azumi, muka biya mai injin niƙa, muka sayi itace, muka dama kunu da fura. Da magariba sai na ga almajirai suna tsallake ƙofarmu suna tafiya gidan da ake raba shinkafa da mai. Wata maƙwabciya har cewa ta yi rowa ce ta hana ni sayen shinkafa.

Ɗan Buza:
Hajiya, Allah ya saka miki. Dillalan nan sun yi mini irin haka da wake. Amma buhu biyar bai kamata a saya ba tare da an soka an duba ba. A Badagishiri na sayi buhun hatsi jikka 26 makon jiya.

Mai Awo:
Babu hatsin jikka 26 sai irin wanda aka sayar wa Hajiya. Mai kyau jikka 32 ne, tiya kuwa sefa 800.

Baƙon Yamai:
A kasuwar Katako ta Yamai an faɗa mini jikka 29, alhali mu ake kawo mana shi daga nesa. Idan kuma sai abin ƙasa za a ci, ku buɗe baki da ɗanyar albasa, mu ga ko sahun tarawi zai haɗu.

Malam Na Zaure:
Batun ibada ba wurin raha ba ne. Ladan Hajiya yana nan ko da ba wanda ya sha kunun, kuma irin wannan hukunci a bar wa masu ilimi.

Uwar Marayu:
Malam, hukuncin naku ne, amma turmi da murhu namu ne. Wanda bai taɓa surfa tiya goma yana azumi ba, bai kamata ya yanke wa mata abin da za su dafa ba.

Mai Lambu:
Ni abin da ke ci mini rai shi ne masu saye da kaka a kan araha, su kulle a rumbu sai azumi ya gabato. A watan Oktoba na 2024 hukuma ta hana fitar da hatsi waje, in ban da Mali da Burkina Faso, don farashi ya sauka, amma wa zai hana mai ɓoyewa cikin gari?

Mai Awo:
Kullum mu ake zagi. Ku tambayi kuɗin mota daga ƙauye zuwa Tawa, da na masu dako, da bashin da mutanen unguwa suka ci tun azumin bara ba su biya ba.