Jaki da taiki a garin masu ƙuri'a

Malama ta Zariya:
Assalamu alaikum. Ina so mu gwada wani karin magana a kan gajeren labarin Shirley Jackson, marubuciyar Amurka, mai suna The Lottery, wanda mujallar The New Yorker ta buga ranar 26 ga Yuni, 1948. Ga wanda bai karanta ba, ƙauye ne mai mutum kamar 300. Duk shekara ranar 27 ga Yuni, da misalin ƙarfe goma na safe, sukan taru a dandali su ja ƙuri'a daga wani baƙin akwati. Wanda ya zaro takarda mai baƙin ɗigo, shi gari zai jefe da duwatsu. A wannan shekarar kan Tessie Hutchinson ta faɗa, matar aure mai 'ya'ya. Ɗalibai kan taƙaita labarin da cewa an bar jaki ana dukan taiki. Karin maganar ta zauna a nan kuwa?

Malam na Katsina:
Wa alaikumus salam, Malama. Ba ta zauna ba. Taiki jakar fata ce da ake zuba hatsi a ɗora wa jaki. Jaki ya turje a hanya, mai shi ya ɗaga sanda ya sauke a kan taiki. Kafin a yi wannan magana sai abu uku sun haɗu: an yi laifi, an san mai laifin, mai hukunci kuma yana tsoronsa ko yana jin nauyinsa, sai ya huce a kan wanda ba ya iya ramawa. A labarin Jackson babu laifin da aka yi. Ba a yi sata ba, ba a yi annoba ba, marubuciyar ma ta buɗe da safiya mai haske da furanni. Ina jakin da aka bari? Kuskuren ɗalibai shi ne, da sun ga an zalunci marar laifi sai su jawo wannan karin magana, alhali ba kowane zalunci take nufi ba.

Hajiya ta Maraɗi:
Malam, sharuɗɗanka uku na yarda da su, amma a wurin jifa ka nemi jakin, shi ya sa ba ka gan shi ba. Koma baya kaɗan. Ƙuri'ar zagaye biyu ce. A na farko magidanta ne ke ja, kowa ya riƙe takardarsa a naɗe, ba a buɗewa sai na ƙarshe ya ɗauka. Wanda ba ya nan, kamar Dunbar da ya karye a ƙafa, matarsa ta ja masa. Da ɗigon ya fito a hannun Bill Hutchinson, me Tessie ta ce? Ba ta ce a daina ƙuri'a ba. Cewa ta yi Summers, mai gudanar da abin, bai ba mijinta isasshen lokacin zaɓe ba, a sake. To ga dukan taiki nan ƙarara, daga bakin wadda za a jefe. Al'adar ita ce jakin, ba ta taɓa ta ba ko da kalma guda. Sai ta koma neman a saka 'yarta Eva da mijinta a zagaye na biyu don rabon mutuwa ya ragu a kanta, aka ce mata 'ya mace a gidan mijinta take ja. Takardu biyar aka mayar cikin akwati: na Bill, da nata, da na yara uku. Wannan wurin ya fi ba ni tausayi a duk labarin, uwa tana ƙirga 'yarta cikin waɗanda za su tare mata dutse.

Malam na Katsina:
Na karɓa, Hajiya. Ashe sai a gyara yadda ake faɗi. Kada a ce gari ya mai da Tessie taiki, a ce Tessie ce ta daki taiki. Ma'anar ta juya gaba ɗaya.

Baba na Sakkwato:
'Ya'yana, akwai karin magana a cikin labarin kansa da ba ku taɓa ba. Lokacin da wani ɗan garin mai suna Adams ya ce ƙauyen arewa na shawarar barin ƙuri'a, tsoho Warner, wanda wannan ne jansa na 77, ya kira su mahaukata, ya kawo wata magana mai amsa-amo a Turanci, ma'anarta in an yi ƙuri'a a Yuni, ba a jimawa masara za ta yi goyo mai nauyi. Ku duba ƙirarta. Ɓari biyu ne, an jera su kusa da juna, ba a faɗi yadda na farko ke haifar da na biyu ba. Daɗin amon ne ke toshe gurbin hujja. Kuma tsohon da bakinsa ya ce magana ce da a dā ake yi, wato ita ma ta fita daga bakin mutane. Ita kaɗai ce dalilin da aka bayar a duk labarin, kuma saura mutum guda ke tuna ta.

Haka sauran kayan al'adar suka zube. Akwatin ya kwaile, ya tsage ta gefe guda har ana ganin launin katakon. Ajiyarsa ma ba a ba shi daraja, wata shekara a rumbun Graves, wata a gidan waya, wata a kan kanta a shagon Martin. Guntayen itace da ake ja a dā an musanya su da takarda saboda gari ya ƙaru. Waƙar buɗe taro da gaisuwar da mai gudanarwa ke yi duk an bar su. Amma duk shekara Summers ya kawo zancen sabon akwati sai maganar ta shiririce. Duwatsun ne kawai ba a manta ba.

Ɗalibi daga Kano:
Baba, to ashe Warner zai iya kare kansa da abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba?

Baba na Sakkwato:
Zai iya faɗa, ɗana, amma ba ta zama tasa. Wannan magana ta babban da ya ga wani abu ce, in ka tambaye shi ya nuna maka. Warner bai ce ya taɓa ganin ƙauyen da ya bar ƙuri'a yunwa ta kama shi ba, ga shi kuwa matar Adams ta gaya masa wasu wurare sun riga sun daina. Barazana kawai ya yi, wai za a koma zaman kogo. Shekaru ya lissafa, bai kawo shaida ba.

Malama ta Zariya:
Kalmar scapegoat, wato wanda ake ɗora wa laifin wasu, da masu sharhin Turanci ke amfani da ita, ta samo asali ne daga Littafin Firistoci, sura ta 16: bunsuru biyu, a jefa musu ƙuri'a, a yanka ɗaya, ɗayan a furta laifofin jama'a a kansa a kore shi jeji. Can ma ƙuri'a ce ke zaɓe, amma ana ambaton laifin da baki. A ƙauyen Jackson ba wanda ya ambaci komai, so suke a gama kafin abincin rana. Saniyar ware ma ba ta dace da Tessie ba, domin da safe ta iso a makare tana raha, mata suna dariya suna buɗa mata hanya.

Hajiya ta Maraɗi:
Ni da zan koyar da shi, da barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe zan fara, duk da an fi yin ta wajen yabo. Yara maza ne suka fara tara duwatsu tun kafin manya su iso, Bobby Martin ya cika aljihunsa, suna zaɓen masu santsi. Nancy, 'yar Tessie mai shekara 12, da ɗan'uwanta suka buɗe takardunsu suka ga fari, suka ɗaga sama suna murmushi, alhali saura iyayensu biyu. Bill da hannunsa ya ɓamɓare takardar daga hannun matarsa ya nuna wa jama'a. Adams mai zancen ƙauyen arewa yana sahun gaba. Ƙaramin ɗan Tessie, Davy, wanda sai da Graves ya taimaka masa ya ja takarda, shi ma wani ya danƙa masa 'yan tsakuwa.