Siminti a ƙashin baya? A nemo mana wani suna

Jama'a, musamman ma'aikatan asibiti da masu fassara, ku matso kusa. Akwai aikin da likitoci ke kira vertebroplasty, muna neman sunan da za a faɗa wa majinyaci ya gane ba tare da gabansa ya faɗi ba.

Sankarar mama, ta huhu ko ta mafitsara, idan ta yaɗu, sau da yawa a ƙashin baya take sauka. Sai ta rarake gaɓar daga ciki kamar yadda gara ke yi wa azara, har ta soma burmawa, mutum ko juyi a gado ya gagare shi. A wannan aikin, likita zai kwantar da shi rub da ciki, ya soka allura mai kauri har cikin gaɓar yana kallo a na'urar hoton ƙashi, ya ɗura wani kwaɓi, abin da bai wuce cokalin shayi ɗaya ko biyu ba. Cikin kamar minti 20 ya daskare. Wasu likitoci biyu, Galibert da Deramond, su suka fara yin sa a Amiens ta Faransa a 1984.

Turawa siminti suke ce wa kwaɓin, shi ya sa aka fara kawo mana "allurar siminti". Ni ban saya ba. Ka ce wa tsohuwa za a zuba mata siminti a baya, buhun Dangote za ta hango, 'ya'yanta kuma su ce a sallame su. Alhali roba ce, dangin wadda ake yin haƙoran roba da ita.

Wani ya ce "liƙi". Kwaɓin ba ya manna komai, rami yake cikawa ya tokare.

Wata ma'aikaciyar jinya ta ce "ɗorin allura". Hajiya, ya yi daɗi a kunne, amma tsoro nake ji. Dangi na jin ɗori za su ce ai akwai maɗori a unguwa. Ja da matsa a bayan da sankara ta cinye kuwa, laka za a taɓa, ƙafafu su shanye.

Zaɓina "cikon ƙashin baya". Mutane sun saba da cikon haƙori, sun san ana cike kogo ne don a samu sauƙi. Kuma sunan bai yi alƙawarin da aikin ba zai cika ba: ciko yana rage ciwo, yana hana gaɓa ƙara burmawa, amma ba ya kashe sankara, gashin sankara da na'ura da kuma magunguna suna nan daram. Yana kuma juyuwa a baki: "an yi mata ciko a gaɓa biyu", ko "ciko ya tsiyaya", wanda shi ne babban haɗarin aikin, idan kwaɓin ya zurara wajen laka ko cikin jijiyar jini. Irin wanda ake fara hura balan-balan a gaɓar kafin a ɗura, sai mu ce "ciko mai balan-balan".

'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, likitocinku cimentoplastie suke cewa da Faransanci. In sun juya Hausa me suke gaya wa majinyaci? Ciko zai shiga a wajenku?