Taron zumuncin surukaina da salsalar Jamusawan farko a Amurka

Baƙon Lancaster:
Assalamu alaikum. Dangin matata, waɗanda tsatsonsu Jamusawa ne, suna yin taron zumunci kowane watan Agusta a gundumar Lancaster ta jihar Pensilbaniya, kuma a bana surukata ta ɗora mini nauyin haɗa ɗan littafin salsalar gidan. Ta miƙo mini wani tsohon Baibul na Jamusanci da aka rubuta haihuwa da mutuwa a bangonsa na ciki da tawadar da ta koɗe, sai dai maza uku a jere duk sunansu Johann, sunan gidan kuma an rubuta shi iri biyu. Dattawa suna cewa kakansu yana cikin waɗanda suka fara zuwa a 1683. Ta ina zan kamo bakin zaren?

Tsohuwar Malama:
Wa alaikumus salam, ɗana. Maganar 1683 ba za ta ci maka lokaci ba, domin iyalai 13 ne kacal daga garin Krefeld suka sauka a Filadelfiya daga jirgin Concord ranar 6 ga Oktoba, suka kafa Germantown, kuma sunayensu sanannu ne. Galibin Jamusawan Pensilbaniya daga baya suka zo, a ƙarni na 18, suna gangaro kogin Rhine zuwa Rotterdam, jirgi ya yada zango a wata tashar Ingila kafin ya tsallaka teku. Daga 1727 hukuma ta wajabta wa kyaftin ya miƙa sunayen fasinjoji, sannan duk namijin da ya kai shekara 16 ya yi rantsuwar biyayya ga Sarkin Ingila, ya sa hannu ko ya yi alama idan bai iya rubutu ba. Wasu mutum biyu, Strassburger da Hinke, sun buga waɗannan takardu a littafi a 1934, na tsakanin 1727 da 1808. Ka sani dai mata da yara ba kasafai suke fitowa a ciki ba.

Ɗalibin Tarihi:
Yallaɓai, kada Johann ɗin nan ya ruɗe ka. Al'adarsu ce a lokacin baftisma a ba 'ya'ya maza da yawa wannan suna a gaba, amma da suna na biyu ake kiran mutum, shi ne kuma yake fitowa a takardun gona da wasiyya. Johann Peter da Johann Adam a gida ɗaya, Peter ne da Adam. Sunan gida kuwa magatakardan da Turanci kawai suka sani sun rubuta shi yadda kunnensu ya jiye musu, shi ya sa Schneider ya koma Snyder, wani lokaci ma fassara shi aka yi, Zimmermann ya zama Carpenter. Shawarata ita ce ka fara daga surukarka ka riƙa komawa baya. Ƙidayar 1850 ce ta fara kawo sunan kowane ɗa mai 'yanci a gida, ta 1790 magidanta kaɗai ta ambata, don haka kafin nan sai rajistar coci. Kada ka tsallaka Jamus sai ka san ƙauyen, tunda ƙasar ba ta dunƙule ba sai 1871, kuma kowane coci da littafinsa.

Mai Bin Diddigi:
Idan ba ka ga kakan nasu a takardun Filadelfiya ba, ka duba ta New York. A 1710 an kai Jamusawa kusan 3,000 bakin kogin Hudson aikin kwaltar jiragen ruwa, wasunsu suka koma yankin Schoharie na New York, daga can wasu suka gangaro yankin Tulpehocken na Pensilbaniya a 1723.

Baƙon Lancaster:
Na gode ƙwarai, Hajiya, da ku sauran 'yan uwa. Na duba, sunan gidan ba ya cikin 13 ɗin, kuma lallai kowane Johann yana da suna na biyu da ban kula da shi ba. Zan ware shafi guda mai taken abin da dattawa suka ce, in sa labarin 1683 a can, amma sai na fara zama da surukata kafin a kai wa mai ɗab'i.